Hayaƙin da Ya Tsallaka Katangata

Litinin, 3 ga Maris

Yau na tsaya gaban alƙali. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata wajen koya wa ma'aikatan jinya tsabta, ni aka karanta wa laifin ƙona shara a tsakiyar unguwa. Hayaƙin ya tsallaka katangata, ya tayar wa 'yar maƙwabciyata mai ɗinki da asma, har aka kwantar da ita a asibiti. Na ce a yanka mini tara in biya in tafi gida. Alƙalin, wanda bai wuce sa'an ɗana ba, ya ce a'a. Za a zaunar da ni da iyayen yarinyar da wani mai shiga tsakani, kowa ya faɗi abin da ke ransa, a tsayar da yadda za a gyara ɓarnar. Da ma bulala ya yanke mini.

Laraba, 5 ga Maris

Mai shiga tsakanin ya zo shirya ni. Mutum ne mai ladabi, abin da ya ƙara ba ni haushi. "Malama, za su so su ji dalili," in ji shi. "Ga masu kwashe shara suna bin layin nan, me ya sa kike ƙonawa?" Na ce masa shayinsa zai huce.

Dalili kuwa akwai. Tun bara fitsari ya fara kufce mini, na koma amfani da ƙunzugu irin na manya. Masu kwashe shara kuma a bakin ƙofa suke zazzage leda suna tsintar robobi, a idon kowa. Shi ya sa na koma ƙonawa a tsohon duro a bayan ɗaki. Idan maganar nan ta fita, za ta kai kunnen ɗana, shi kuwa dalili kawai yake jira ya rufe gidan nan ya kwashe ni zuwa ɗakin da ya gyara mini. A can sai in tambayi izini kafin in dafa ruwan zafi.

Alhamis, 6 ga Maris

Ɗana ya kira. "Mama, lafiya dai ko? Na ji muryarki wani iri." Na ce lafiyata ta fi tasa.

Asabar, 8 ga Maris

Tunda na daina ƙonawa, ledojin sun taru a banɗaki. An sallamo yarinyar; ina jin tarinta ta katanga. Na san irin tarin nan, na sha kwatanta shi a kan allo.

Talata, 11 ga Maris

An yi zaman. Kujerun roba a da'ira, babu wadda ta fi wata tsayi. Mai ɗinki ta ba da labarin yadda ta goya yarinyar ta fita titi ba takalmi, leɓunan yarinyar sun yi toka. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ni take kallo. Mijinta direba shi ya fasa: "An ce ke kika koya wa ma'aikatan asibiti tsabta. Ashe mai dokar barci ce ta ɓuge da gyangyaɗi!"

Na zo da jawabi shiryayye game da sauyin iska. Da aka zo kan dalili, sai jawabin ya ƙi fita. Na roƙi mazan su ba mu wuri. Na faɗa wa mai ɗinkin gaskiya, idona a kan takalmina.

Na zaci tausayi zan gani, har na shirya ƙinsa. Sai ta ce, "Haba Mama! Saboda wannan 'yata ta kusa mutuwa?"

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta lokacin ba. Na auna mutuncina da numfashin ƙaramar yarinya, na zaɓi mutuncin, kuma na san abin da hayaƙin roba yake yi wa huhu. Na ce ta yafe mini. Ta ce yafiya sai a hankali.

Da mazan suka dawo ta ce, "Mun gama. Shararta ni zan riƙa haɗawa da ƙyallayen shagona in kai bola. Yarinya kuma za ta zauna wurin Mama da rana, Mama ta koya mana yadda ake tarar ciwon kafin ya yi tsanani." Mijin ya ce, to dalilin fa? Ta ce, "Na mata ne, malam. Ka taɓa gaya mini abin da kuke tattaunawa a tasha?" Har mai shiga tsakanin ya murmusa. Aka rubuta, na sa hannu.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai ɗinki ta zo da buhunta. Na miƙa mata ledar, fuskata na kallon bango. Ta ce, "Mama, in za ki riƙa juya mini baya, ki bari in auna ki, rigar nan ta yi miki yawa." Ban yi dariya ba sai da ta fita.

Litinin, 24 ga Maris

Yarinyar ta iya riƙe abin shaƙar maganinta daidai yanzu. Rubutunta dai kamar tafiyar kaza. Za mu gyara.

Uwarta ta ce in ga likita, in kuma gaya wa ɗana. Na ce wannan ba huruminta ba ne.

Laraba, 2 ga Afrilu

Mun je wurin likitan, ni da mai ɗinki. A matakala ta riƙe hannuna. Matakalar ce ke da santsi.

Ɗana zai zo jibi. Zan gaya masa da bakina, in kuma shaida masa babu inda zan je. Na ce mata ta leƙo a daidai lokacin, ta kawo mini rigar da ta rage. Saboda rigar ne kawai.