Kujerar Manaja a Kamfanin Man Gyaɗa

Gyadi-Gyadi, Kano
8 ga Janairu, 1974

Aminina Isyaku,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Uwani da yara kuna lafiya, sanyin Jos bai matsa muku ba.

Na ajiye aikin lauya. Na gaji da zaman kotu da ɗage shari'a. Tun da doka ta ce 'yan ƙasa su karɓi ragamar kamfanoni, masu masana'antun Bompai suke neman waɗanda za su gaji Turawa. Shi ne na buɗe ofis a zauren gidana, ina nemo musu manyan ma'aikata. Baba bai ji daɗi ba, har yau Lauya yake kirana.

Wani kamfanin man gyaɗa yana neman babban manaja. Kai ka fara faɗo mini a rai, injiniya irinka. Ka zo intabiyu wata mai zuwa. Ina ganin kujerar nan taka ce.

Naka,
Falalu

*

Jos
26 ga Fabrairu, 1974

Falalu,

Bayan gaisuwa, na dawo lafiya. Intabiyu ta yi daɗi, ka ga yadda Baturen kamfanin ya yi ta gyaɗa kai da na yi maganar injin matsa. Ban tsaya ɓata lokaci ba, na miƙa takardar barin aiki a kamfanin haƙar ma'adinai. Uwani ta gama ɗaure kaya. Za mu sauka wajen Inna a Tarauni kafin kamfani ya ba mu gida. Inna sai sa maka albarka take yi.

Sai mun zo,
Isyaku

*

Gyadi-Gyadi
11 ga Maris, 1974

Isyaku,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta iso bayan an riga an yanke magana. Na je Tarauni sau biyu, aka ce ba ka nan, alhali takalmanka na ƙofar ɗaki. Don haka na rubuto.

An ɗauki Malam Inuwa, wanda ya shiga bayanka. Daraktoci sun tambayi ra'ayina, ni na ce shi. Ka fi shi sanin inji, amma ya riƙe ma'aikata ɗari uku a Funtuwa, har ya sasanta yajin aiki. Kai ba ka taɓa riƙe mutane haka ba. Kamfanin ne ya ɗauke ni aiki, shi zan gaya wa gaskiya. Kuma ban ce ka ajiye aikinka ba.

Ka gaida Inna.
Falalu

*

Tarauni
13 ga Maris, 1974

Malam Falalu,

Na ga saƙonka. "Ban ce ka ajiye aikinka ba." Ashe rigar lauya kawai ka tuɓe, bakin yana nan. Ka rubuta da hannunka cewa kujerar tawa ce. Da baƙo ne ya faɗa, da na jira takarda. Kai ne, shi ya sa ban jira ba.

Na buga waya Jos, sun riga sun cike gurbina. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya. Jiya Inna ta tambaye ni yaushe zan fara aiki, na ce ana gyaran ofis.

Maganar Inuwa, na san shi. Ba ka yi ƙarya ba.

Isyaku

*

Gyadi-Gyadi
2 ga Afrilu, 1974

Isyaku,

Sallama da gaisuwa. Wata masaƙa a Gusau tana neman shugaban sashen injuna. Ba kujerar manaja ba ce, kuma akwai mutum biyu da za ku kara da su. Na aika sunanka, na rubuta abin da na sani game da kai, ban ƙara ba, ban rage ba. Ba zan ce taka ce ba.

In ka yarda, zan zo ranar Juma'a in yi wa Inna bayani da bakina.

Naka kullum,
Falalu

*

Tarauni
4 ga Afrilu, 1974

Falalu,

Na gode. Aiko mini ranar intabiyu da sunan wanda zan nema a can. Na riga na gaya wa Inna da kaina, ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Kada ka zo Juma'ar nan. Uwani ba ta huce ba, ni ma da saura.

Ka gaida Baba.
Isyaku