Na sa hannu a matsayin Barista alhali ina aji biyu

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema, ku taimaka min.

Ranar Talata na fito daga lakca kenan wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar dattijo ce, ya ce da Barista yake magana? Na yi dariya na ce eh, don haka ake kirana a gida. Sai ya ce, to wace shekara aka rantsar da ke? Wallahi nan take na nemi dakali na zauna.

Ni 'yar Talata Mafara ce, aji biyu nake a jami'a, ina karanta shari'a. Tun ranar da na samu gurbi Baffana, yayan babanmu, ya laƙaba min Barista. Asalin gonarmu tana wajen Maradun, ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye ta tun Baffa yana saurayi, aka ba kakanmu fulotin noman rani ta ɓangaren Bakura. Takardar fulotin tana nan cikin leda a ƙasan akwatin Baffa, duk ta yi ja, ko matarsa ba ta taɓa ta. Kullum maganarsa ɗaya ce, da akwai lauya a gidanmu lokacin da ba a yi mana abin da aka yi ba.

Da na je hutu na tarar maƙwabcin gonarsa ya ci kan iyaka, ya kuma toshe 'yar hanyar da ruwa ke bi zuwa shinkafarsa. Baffa ya ɗauko takardar nan ya ɗora min a cinya, ya ce in rubuta wa mutumin wasiƙa irin ta lauyoyi. Na ce ban kai ba. Ya ce, "Shekara biyu kina karatu ba ki iya takarda guda? To mi kike yi can?" Babanmu ma ya goyi bayansa, wai kunya zan ba su gaban mutane. Gaskiya ni ma kaina ya ɗan kumbura. Na kwaikwayi samfurin da aka nuna mana a aji, na kai shago aka buga, na rubuta Barista gaban sunana, na sa hannu har da lambar waya.

Ashe mutumin lauyan gaske ya kai wa. Shi ne dattijon da ya kira ni. Ya ce abin da na yi laifi ne, idan ya rubuta wa makarantarmu za a iya korata, ko na gama ma ba lallai a rantsar da ni ba. Ya ce in same shi ofis ranar Asabar. Kwana huɗu abinci bai zauna min ba, ko littafi na buɗe layi ɗaya nake ta maimaitawa. Na kira Baffa ina kuka, shi ko a jikinsa, wai barazana ce kawai.

Yau da safe muka je tare da Baffa. Lauyan ya sa Baffa ya jira a waje, ya yi min faɗa sosai, ya ce shi ma yana da 'ya kamar ni. Wajen ƙarfe sha ɗaya ya miƙo min wasiƙar ya ce, "Je ki yi karatunki, ban gan ta ba. Amma in na sake ganin irinta, ba ni za ki zo wa ba."

Na karɓa na fito. Baffa yana ganin takardar a hannuna ya washe baki ya ce, "Kin gani ko, ɗiyata? Tsoro ya ji!" Wai ya riga ya gaya wa abokansa uku a Janbako, su ma suna da takardun lokacin dam, ranar Juma'a za su kawo min.

Ina cikin motar komawa gida yanzu, yana gefena yana ta yi wa direba labarina. Don Allah ta yaya zan ce masa a'a ba tare da ya ji na wulaƙanta shi ba? Ko in gudu makaranta kafin Juma'a in kashe waya?