Batura Tamanin da Bakwai a Ɗakin Marigayi

Zuwa ga Shugaban Shirin Tattara Matattun Batura, reshen Jos.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da ma'aikatanka, da fatan kun yi azumi lafiya kun kuma yi salla lafiya.

Sunana Hauwa'u, tsohuwar malamar firamare ce, ina zaune a unguwar Gangare. Ni ce matar marigayi Malam Inuwa Mai Batir. Shekara talatin da ɗaya ina ɗakinsa ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, Malam kawai nake cewa. Yau na rubuta shi cikakke saboda na lura a ofishinku babu wanda ya san shi. Sau uku ina zuwa da ƙafata, sau biyu ina barin takarda, shi ya sa wannan karon na rubuta inda kowa zai gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganata gajeriya ce. A ɗakin marigayi akwai matattun batura tamanin da bakwai da mutane suka kawo da sunan shirinku. An sayar da gidan, kuma idan ba ku kwashe su ba kafin a miƙa makulli, za su ƙare a tukunyar masu narka dalma. Bari in faɗi yadda aka yi suka taru.

Na farko, yadda abin ya soma.

Da na auri Malam, shi ma mai narka dalma ne. Ya fasa batir da gatari, ya tuttular da ruwan a kwata, ya zuba farantan dalmar da ke ciki a rabin ganga a bakin rafi ya hura wuta. Fankon batir kuma mu mata mu karɓe, mu zuba wa kaji da awaki ruwa a ciki, har muna godiya. Ba mu san komai ba. In akuya ta soma layi ta faɗi, sai mu ce ta ci leda.

Wadda ta buɗe mana ido ita ce Madam Kaneng, wata duba-gari daga unguwar Jos Jarawa. Da niyyar rufe wurin ta zo. Amma da ta tarar da Malam yana cin rogo da hannun da ya gama tona batir, sai ta ajiye takardar tara, ta ja benci ta zauna. Ta ce masa, “Oga, ni ba zan rufe ka ba, wannan abu shi ne zai rufe ka.” Sati guda tana dawowa. A rana ta ƙarshe Malam ya kife gangar, bai sake hura ta ba. Abokan sana'arsa suka yi ta masa dariya, wai duba-gari ta musuluntar da shi.

Su biyun nan suka fara abin da yau kuke kira shiri. Suka yi hayar keke mai ƙafa uku, suna bi gareji gareji, shagon masu cajin waya, wurin teloli masu janareta. Doka ɗaya suke koya wa mutane: kada ka fasa, kada ka zubar da ruwan, kawo shi yadda yake. Da kamfanin da ke sarrafa baturan ya yarda ya riƙa turo ƙaramar akori-kura duk ƙarshen wata, ƙofar gidanmu ce wurin da ta fara tsayawa. Ni na dafa wa direban shayi.

Malam yana da wata ɗabi'a da har ni nakan tsokane shi a kanta. Duk batir ɗin da aka kawo, sai ya rubuta sunan mai shi a jiki da farin fenti. Ranar da mota ta kwashe, in an idar da sallar la'asar sai ya tsaya a ƙofar masallaci yana shaida wa kowa cewa nasa ya tafi. Na ce masa, mataccen batir ne fa, ba amarya ka kai ɗakin miji ba. Ya ce mutumin da ya ƙi sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa ya ɗauko ya kawo maka, amana ya ba ka, dole ka gaya masa inda ta kwana.

Na biyu, yadda kuka girma.

Ba na hassadar girmanku, na rantse. Da wutar lantarki ta ƙara lalacewa kowa ya koma sola, manyan batura suka cika gari, aikin ya fi ƙarfin keke. Aka buɗe ofis, aka ɗauki ma'aikata masu riguna iri ɗaya, aka sa sanarwa a rediyo. Duk sanda sanarwar ta zo, Malam sai ya ƙara murya ya ce mu yi shiru, kamar sunansa za a ambata. Ba a taɓa ambata ba, bai kuma damu ba.

Sai kuka sauya akori-kura da babbar mota. Ranka ya daɗe, ban san ko ka taɓa shiga lungunmu ba. In mai baro ya shigo, mai babur sai ya jingina da bango. Babbar motarku ta zo bakin titi sau ɗaya, direban ya leƙo, ya juya. Daga baya a bakin mutane muka ji cewa an yi sabon tsari: mota ba ta zuwa sai wurin mai rajista, mai ɗakin ajiya na siminti a bakin babban titi. Tsarin ba laifi ba ne. Laifin shi ne babu wanda ya tako ya gaya wa Malam cewa an cire shi. Babu takarda, babu saƙo. Allonku yana nan kafe a ƙofarmu har yau, rediyo kuma ba ta daina cewa a kai batir wuri mafi kusa ba. Wuri mafi kusa ga mutanen Gangare mu ne.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malam yana da nasa kuskuren, kuma na gaya masa tun yana raye. Ya kamata ya daina karɓa. Amma ta yaya zai kalli tsohon da ya ɗauro batir a bayan babur tun daga unguwar Ali Kazaure ya ce masa ya koma da shi? Shi da ya yi shekaru yana roƙon mutane su kawo? Kullum sai ya ce motar za ta zo wata mai zuwa, ya ɗauko fentinsa ya rubuta suna.

Na uku, ciwonsa.

Ƙoda ce ta kama shi. Likita ya ce mai yiwuwa tsohon aikin narka dalma ne ya biyo shi, don haka ban ce ku kuka kashe mini miji ba, kuma ba zan faɗa ba. Kwana ne ya ƙare. Abin da nake kuka da shi, yadda ya ƙarasa sauran kwanakinsa ne.

Damina biyu yana jiran motarku. Shagon ƙofar gidanmu ya cika, ya kwashe buhunan masararmu ya jera batura a ɗakin ajiya. Nan ma ya cika, kuma kwanon rufin yana yoyo. Ranar da aka yi ruwa da ƙanƙara na tarar da shi, mutum da kumburarrun ƙafafu, yana jan batir ɗaya ɗaya zuwa ɗakin kwanansa, don shi ne kaɗai ɗakin da ba ya zuba. Ya bar musu ɗakin, ya koma zaure da tabarmarsa a cikin sanyin garin nan. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ya dawo ɗakina. Ya ce daga zaure ya fi jin ƙarar mota in ta tsaya a bakin titi. Kowace Asabar ta ƙarshen wata sai ya yi wanka, ya sa hula, ya dogara sanda zuwa bakin titin ya zauna. In ya dawo ba na tambayarsa komai, ruwan zafi kawai nake miƙa masa.

A asibiti, kwana biyu kafin rasuwarsa, ya yi mini wasiyya. Na zaci maganar 'ya'yanmu mata zai yi, su biyun suna gidajen aurensu. Sai ya ce baturan nan ba nasa ba ne, kada a sa su cikin gado, kada in bari a fasa ko ɗaya. Na ce masa to. Wannan “to” ɗin ita ta hana ni barci wata biyar ke nan.

Na huɗu, zuwana ofishinku.

Ina fita takaba, wurinku na fara zuwa. Yarinyar da ke kan tebur mai ladabi ce, ta ba ni kujera, ta yi mini ta'aziyya, sannan ta tambaye ni lambar cibiyarmu. Na ce ba mu da lamba, lokacin da muka fara ba a ƙirga cibiyoyi, don guda ɗaya ce. Ta duba kwamfuta ta ce babu mu. Zuwa na biyu aka ce kana Abuja. Zuwa na uku aka ba ni fom na masu neman shiga shirin sababbi, shafi huɗu. Na karɓa na ninke, don ba laifin wanda ya miƙo mini ba ne, amma a cikin keke na yi ta share hawaye har gida.

Sai ga shi a makon jiya wani mai babur ya shigo lungu da farar ambulan. Katin gayyata ne mai ruwan zinare, zuwa bikin murnar bunƙasar shirin, za a karrama waɗanda suka kafa shi. An rubuta sunan Malam daidai, an kuma roƙe shi ya zo da farin kaya saboda hoto. Ashe akwai inda sunansa yake. Ashe kun san hanyar gidan. Kati ya iya shigowa lungun, motar ce kawai ta kasa. Wanda ya aiko katin bai ma san mutumin ya yi wata biyar a ƙasa ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na biyar, halin da ake ciki.

An raba gado, an sayar da gidan, ni zan koma wurin babbar 'yata. Wanda ya saya zai karɓi makulli ranar Lahadi ta uku bayan ƙaramar salla, yana so ya rushe ɗakunan baya kafin ruwa ya sauka sosai. Malamin da ya raba gadon ya tabbatar amana ba ta shiga rabo. Amma ƙanen Malam, Alhaji Tasi'u, ya tambaye ni inda zan kai su in ban sayar ba. Ba mugu ba ne, gaskiya ya faɗa. 'Yan gwangwan sun riga sun ji labari, kullum sai ɗaya ya yi sallama yana tambaya ko Hajiya ta yanke shawara. Na san inda za su kai su. Bakin rafin nan ne dai, har yanzu ana hura wuta a wurin.

Biyu daga cikin baturan sun tsage. Na zuba yashi a ƙarƙashinsu yadda na ga yana yi, duk da haka wani farin gari yana cin daɓen, zannuwana biyu sun huje. A cikin masu sunayen da ke jikin baturan, mutum huɗu sun riga mu gidan gaskiya. Sauran in sun gan ni ba sa tambaya, saboda kunya da tausayi, sai dai su gaishe ni su sunkuyar da kai.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kun ci sunan aikin nan, ga abin da nake roƙo:

Ɗaya, ku turo mota ranar Asabar, jajibirin miƙa makulli. Ba sai ta shiga lungu ba. Madam Kaneng, da tsufanta da ciwon gwiwarta, ta yi magana da matasan cocinsu, limaminmu ma ya yi sanarwa. Za a fito da baturan bakin titi tun da hantsi, a tsaye, ba a karkata ko ɗaya ba.

Biyu, ku aiko a cire allonku daga ƙofarmu, ku kuma bincika sauran tsofaffin wuraren da kuka bari a baya. Ina jin akwai irinmu a wasu unguwannin. Ku gaya musu a fili an cire su, kada wani ya sake zaman jiran da Malam ya yi.

Uku, ku bar batun karramawa. Ba na son lambar yabo, ba na son hoto. Takarda ɗaya nake so, mai cewa an karɓi batura tamanin da bakwai daga hannun Malam Inuwa, babu wanda aka fasa.

Ranar Asabar ɗin ina nan bakin titi kusa da su, tsohuwa mai ruwan tokar mayafi a kan kujera 'yar tsugunne, ba za ku ɓata ni ba. Zan zauna har a kira magariba. Idan aka kira ba ku zo ba, ba ni da ɗakin da zan mayar da su, ba ni da ƙarfin da zan hana kowa. Zan tashi in yi alwala in bar su a nan, kuma a wannan sallar ban san da wane baki zan roƙa wa mijina gafara ba, ni da na ce masa to.

Allah ya ƙara wa aikinku albarka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya kuma sa ranar da za ka bar wasiyya ta faɗa hannun wanda yake da ikon cika ta.

Wassalam.

Malama Hauwa'u,
matar marigayi Malam Inuwa Mai Batir,
Gangare, Jos.