'Yan Kunkurun Babanki

Pierre Part, Yuni 1975

Zuwa ga 'yata Marcelline,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki. Yaya jikin Josette? Kin ce zazzaɓin ya sauka, gudawar ta tsaya, har ta fara shan romo. Mun gode Allah. 'Yar shekara uku ta kwanta a asibiti ana ƙara mata ruwa, ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Kullum sai na kunna mata kyandir a coci.

Na karanta wa babanki wasiƙarki har inda likita ya ce daga ɗan kunkurun da shi babanki ya kai mata ranar bikin Ista ta kwashi cutar. Ya ce, "Likitan birni ya taɓa riƙe kunkuru? Tun ina yaro hannuna ke cikinsu, ko kaina bai taɓa ciwo ba." Na tsallake wurin da mijinki ya ce kada ya sake taka gidanku, amma ya karɓe takardar ya karanta da kansa. Ya ɗauki hularsa ya tafi bakin kududdufin da muke kiwon kunkuru, bai dawo cin abincin rana ba.

Sai kuma ga dokar da kika ji a rediyo. An hana sayar da duk kunkurun da ƙoƙon bayansa bai kai inci huɗu ba, wai ƙananan ne yara ke kaiwa baki. Ke kin san namu, ana ƙyanƙyashe su ake tura su kantuna, kowanne bai fi tafin hannun jariri ba. Ga ƙwai mun riga mun tono, akwatuna sun cika rumfa. Da wannan sana'ar muka yi rufin gidan nan, da ita kika yi karatu. Ban faɗa don ki ji nauyi ba, so nake ki san abin da ke cin ransa.

Ki shafa mini kan Josette.

Mahaifiyarki,
Odile

Pierre Part, Satumba 1975

'Yata Marcelline,

Ina gaishe ku da kyau. Hoton ya iso. Ta rame, amma idon nan nata na rashin ji yana nan. Na jingina shi a kan firji. Babanki bai tambaya ba, sai dai yanzu a tsaye yake shan kofinsa, daidai wurin.

Ƙwai sun ƙyanƙyashe. Duk bahon da ke gidan nan cike yake da 'yan kunkuru, suna hawa kan juna, babu mai saye. Maƙwabcinmu Alcide ya dinga zuwa yana zuga shi. "Clovis, jami'an gwamnati daga Washington ne za su biyo ka cikin fadama da abin awo? Zuba su a mota mu je wajen bikin gari, kafin la'asar sun ƙare." Na ce, "Alcide, kai da ko tarar gudu a hanya ba ka iya biya, kai ne mai ba da shawara?" Ya ce, "Uwargida, yunwa ba ta karanta jarida." Babanki ya yarda. Na bi su, don ban amince da su biyun ba.

Muka tsaya nesa da rumfunan abinci, babanki ya buɗe bayan mota. Nan da nan yara suka yanyame mu. Wata mata ta zo da 'yarta a kafaɗa, sa'ar Josette, ta ce a ba ta wanda gefen kunnensa ya fi ja. Babanki ya zaɓo mata, yana ta fara'a kamar dā. Uwar na laluben jakarta, yarinyar ta ɗaga ɗan kunkurun, ta leƙa fuskarsa, ta kai shi baki.

Marcelline, ban taɓa ganin babanki ya yi sauri haka ba. Ya fizge shi har yarinyar ta tsala ihu. Uwar ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Ya ce, "Je ki wanke mata baki da hannu. Da sabulu. Yanzu, don Allah." Ya rufe bayan motar, yara na ta roƙo. Alcide ya ce, "Ka haukace? Ko ɗaya ba mu sayar ba!" Ya ce, "Shiga mota ko ka taho da ƙafa."

Muka kama hanyar gida. Mun kusa gada babanki ya tambaye ni, idonsa na kan titi, "Josette ma haka ta yi?" Na ce haka kika rubuto, sumbatarsa take yi kowace safiya. Ya gangara gefen hanya ya kashe mota, ya kifa kansa a kan sitiyari. Har Alcide ya cire hula.

Ku ci gaba da yi mana addu'a.

Mahaifiyarki,
Odile

Pierre Part, Oktoba 1975

'Yata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ji daɗin jin Josette ta koma guje-gujenta. Ki gode wa maigidanki da ya ce ƙofa a buɗe take ga babanki. Na san ba da sauƙi ya faɗa ba, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Shi ya kwana a kujerar asibiti.

Wani ɗan kasuwa daga New Orleans ya ɗauki kaso guda na 'yan kunkurun zai tura ƙasashen waje, doka ba ta hana wannan ba. Babanki ya sa shi ya yi alkawarin manna gargaɗi a kan kowane akwati. Ko zai cika, oho. Sauran muka ɗora a kwalekwale muka kai can cikin fadama, inda kakanninsu suka fito. Baho-baho ya dinga karkatawa a hankali, suna watsewa cikin ruwa. Wasu suka maƙale a gefen kwalekwalen, ya dinga ture su da yatsa yana cewa, "Ku tafi mana, ba ni da abin ba ku." Na juya baya, na yi kamar ina gyara ɗankwali.

Manyan suna nan a kududdufi, ya ce ba zai iya rabuwa da su ba tukuna. Ya yi magana da masu kamun kifi, zai fara bin su. A shekarunsa, da wannan gwiwar. Har gobe yana cewa dokar ta yi tsauri, da an nemo maganin cutar maimakon a kashe sana'ar gari guda. Wataƙila yana da gaskiya. Amma ya daina cewa likita ƙarya yake.

Ranar Asabar zai hau bas zuwa wurinku a Houston. Shi kaɗai, haka ya so. Na ɗaura masa tukunyar miyar gumbo, ki ɗumama da wuta kaɗan. Ya yi aski, ya sa na goge rigarsa ta zuwa coci.

Ga roƙona. Kada ki jira ya ba da haƙuri da baki, ba zai iya ba, zai tsaya ne a ƙofa yana murza hula yana zancen hanya. Idan Josette ta rugo, zai ɓoye hannuwansa a baya. Tun dawowarmu daga bikin nan ko jaririn maƙwabta ya ƙi ɗauka, wai hannunsa ba na taɓa yara ba ne. Kada ki saurare shi. Ki ɗauke ta ki ɗora masa a ƙirji, ki saki. Dole ya riƙe.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Odile Guidry