Ranar da Suka Kulle Fara a Gidan Tunga

Zuwa ga 'yata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Ummi, ta warke? Yaya kuke fama da ruwan Fatakwal?

Abin da muke tsoro ya faru. Magada sun sayar da gidan da nake haya a Tunga. Ranar Talata ma'aikatan kotu suka zo da 'yan sanda, suka zube mini kaya a bakin titi. Sai da suka sa kwaɗo na tuna Fara, magen marigayi babanki, tana cikin sito da 'ya'yan da ta haifa. Na roƙi babban ma'aikatan ya buɗe. Ya ce, "Mama, mun rufe ke nan. A kan mage za mu karya umarnin kotu?" Ina jin kukanta ta bango aka sa ni a keke.

Wata 'yar sanda a cikinsu, mutuniyar kudancin Kaduna, ta tambayi inda zan sauka. Washegari sai ga ta a unguwar Maitumbi inda na sauka, da kwali a hannu, ashe ta je ta lallaɓi mai riƙe da mabuɗin. Ta ce, "Mama, ga su, amma ƙaramin ya mutu." Ko ruwa ba ta tsaya ta sha ba, ban ma tambayi sunanta ba.

Yanzu ɗaki ɗaya nake, ban san kowa a layin ba. In na idar da sallah na juya zan yi magana, Fara ce kaɗai ke kallona.

Ki sa ni a addu'a, ki sa baiwar Allahn nan ita ma. Ki gaishe mini da kowa. In kin samu sarari ki kira ni, ko da babu labari.

Mahaifiyarki,
Asabe