Ranar da Na Tare wa Wanzami Ƙofa

Litinin, 4 ga Oktoba, 1993

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, a ɗakin Yaya Zaituna, gidanmu na Rogo Sabon Gari. Kwanana goma sha ɗaya da karɓo takardar gama makarantar jinya.

Ta sa sakata, ta sauke zane. Nonon hagu ya haura sama, ya karkata wajen hammata. Ya fi na dama bisa da santimita huɗu, na auna sau biyu da tef ɗin ɗinki. Tauri kamar ɗanyar gwanda. Fatar ba zafi, ba zazzaɓi.

Sai ta faɗa mini. Shekara biyar da suka wuce, suna zaune a Jidda, marigayi mijinta ya kai ta Alƙahira aka sa mata jakar roba a ciki, saboda nonon ya shanye bayan ƙurjin da ta yi a goyon ’yarta Baraka. Ba wanda ya sani a gida. Ta ce, "Ruƙayya, rantse." Na rantse.

Laraba, 6 ga Oktoba

Inna ta gani. Ta ce tsohon ƙurjin ne ya dawo, Jibo wanzami zai zo Asabar ya tsaga mugunya ta fita. In askarsa ta taɓa jakar nan, abin cikinta zai zube a nama. Na ce ba za a yi ba. Inna ta ce, "Jibon da ya cire miki belu? Yana tsaga tun ba ki san hannun cin tuwo ba." Dalili ta nema, ni kuma rantsuwa ta ɗaure mini baki.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Kano, wurin likitan da ya koya mana aikin tiyata. Na ba shi labarin, ban faɗi suna ba. Ya yi dariya ya ce, "A Rogo?" Na ce a Rogo ma mata ne, ranka ya daɗe. Ya daina dariyar.

Ya ce jiki ne ya yi wa robar ɓawo, ɓawon ya tsuke ya tura ta sama. Hanya uku. A cire ta gaba ɗaya. Ko a yanke ɓawon, a ɗinke gurbin, a mayar da ita wurinta. Ko a cire tsohuwar a sa sabuwa a sabon gurbi, amma sai an samo ta daga waje. Biyun ƙarshe, abin na iya sake gocewa. Sai ya gan ta da idonsa kafin ya ce komai.

Da na dawo gida na ce wa Yaya a cire kawai, shi ne hankali. Ta dube ni. "Kin taɓa cusa tsumma a rigar mama shekara biyu, kina tsoron sunkuyawa a gidan biki?" Na ce lafiya ta fi ado. Ta ce in fita mata daga ɗaki.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Ba ta yi mini magana ba. Gaskiyata na faɗa.

Asabar, 9 ga Oktoba

Jibo ya zo ƙarfe tara saura kwata, da zabirarsa. Na tsaya a ƙofar ɗakin Yaya. Muka gaisa har da tambayar ciran gyaɗa. Ya ce, "Malama nas, a ba tsoho hanya." Na ce Baba, sai dai a fara tsaga ni. Inna ta ɗaga murya, wai boko ya cinye mini kunya, ’yar uwata na ruɓewa ina gadin ƙofa.

Sai Yaya ta buɗe daga ciki. Ta ce, "Inna, ba ƙurji ba ne. Roba ce, likita ya sa, ni na nema. Jikina ne ya lalace na gyara." A gaban Jibo ta faɗa.

Jibo ya ɗaure zabirarsa. Ya ce abin da wuƙar likita ta binne, wuƙar likita ke tonowa, kuma shi kunnensa ya tsufa, bai ji komai ba. Inna ta shige madafa. Tuwon rana ya yi gudaji.

Talata, 12 ga Oktoba

Jibi za mu Kano. Inna ta ce da ita za a je.

Na rubuta wa likita takardar bayani. A ƙasa na sa "a cire". Na yaga, wai don tawada ta ɓata gefen. A ta biyun na rubuta: marar lafiya tana son a gyara, a mayar wurinsa, in zai yiwu.

Abin da ban sani ba:
Ko robar mai ruwan gishiri ce ko mai kauri. Takardar Alƙahira ta ɓace.
Ko ta riga ta huje.
Ko likitan ya taɓa yin irin wannan gyaran da hannunsa. Zan tambaye shi, ko da zai ji haushi.
Ko kunnen Jibo zai ci gaba da tsufa ranar kasuwa.
Me zan ce in likita ya juyo ya tambaye ni ra'ayina. Ina jin zan ce ya tambayi mai jikin.