A Turo Mini Kalsum

Agege, Legas
3 ga Rajab

Umma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yata Kalsum. Yaya ƙafar taki? Hajiya Fadima ce za ta kawo miki wannan takarda in sun zo Umra, don na san ba kya sakin baki a waya.

Wata huɗu ke nan da aka kama ni a kasuwar Jidda aka sako ni a jirgi, wai an maida ni gida. Wane gida? A Jidda kika haife ni, ke ma can aka yanke miki cibiya. Maƙwabtanmu farare, waɗanda kika ce kakansu ya tarar da namu a unguwar, tuni sun zama 'yan ƙasa, mu kuwa har gobe Takari ne, wato baƙi baƙar fata. An ba ni takarda in sa hannu cewa shigowa na yi a ɓoye. Na ƙi, na ce su rubuta cewa ta cikin Umma na shigo. Kwana tara suka ƙara mini a tsare, ban kuwa yi nadama ba.

Kawu Mu'azu ya riƙe ni da kyau. Ina taya matarsa tuyar waina kusa da titin jirgin ƙasa. Abin dariya, nan Balarabiya ake ce mini saboda Hausata ta karkace. Kewar Kalsum ce kawai ke cin raina.

Taki,
Surayya

Agege, Legas
20 ga Sha'aban

Umma,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, Hajiya ta dawo ta ba ni labarin da kika ɓoye mini: an sake koro Kalsum daga ƙofar makaranta saboda ba ta da takardar zama. Shekararta bakwai fa, Umma.

Ran Juma'a Kalsum ta tambaye ni a waya, wai da gaske ne a nan har malamar makaranta baƙa ce? Na ce har alƙali. Sai ta ɗauka zolayarta nake yi. Na ajiye wayar na yi kuka har wainar ta ƙone.

Na je makarantar unguwarmu na sa sunanta. A wurin haihuwa na ce a rubuta Jidda, malamar ta rubuta, ko kai ba ta ɗaga ba.

Na san ke ba za ki taho ba. Kin sha faɗa, in duk muka tashi sun ci riba, kuma kabarin Baba ba zai rasa mai ziyara ba kina raye. Ban ce ki sauya ba, wannan taurin kan a nononki na sha shi. Amma Kalsum ba ta isa wannan yaƙin ba tukuna. Kawu ya soma neman hanyar da za ta taho bayan Salla.

Na san ita ke miƙo miki ruwan alwala. Ki yafe mini, Umma. Su suka raba ni da 'yata, ga shi ni da hannuna zan raba ki da jikarki.

'Yarki mai neman albarkarki,
Surayya